'Yar Aikin Baba Silvanus

"Ba zan ce amin ba, Baba."

Baba Silvanus, tsohon mai bishara a Kafanchan da tsufa ya rikita wa tunani, ya ture kwanon tuwon acca. Addu'ar abincinsa kullum ɗaya ce: Ubangiji ya hukunta 'yarsa Emilia, wadda ya noma citta ya kai ta kwalejin malamai, ta hau jirgin ƙasa ta manta da shi.

"Ke 'yar aiki, wa ya ba ki baki? Na kore ki!"

Ta fita ta ƙofar gaba, ta sake ɗaurin ɗankwali, ta shigo ta baya.

"Sannu Baba, an ce kuna neman mai aiki."

"Zauna, yarinya. Waccan ba ta da kunya." Ya cinye tuwonsa tas, ya dube ta. "Da ma ke na haifa."

Maƙwabciyarsu ta leƙo ta taga. "Malama Emilia, hedimasta ya ce in ba ki koma Gwantu ran Litinin ba, zai ba wani ajinki."

"Ya bayar, Mama. Ina nan."

Aikin ya tafi ke nan. Gobe kuma uban da ta zauna dominsa zai sake kai ƙararta wurin Allah.