Ɓarawon Gwaji

"Na kama ka!" Da'u ya cafki wuyan rigar wani dattijo da ke jan farin rago a bayan kasuwar Gaya.

Kwana bakwai ke nan da Da'u ya baro gona a Kademi yana koyon aikin dogari. Da safen nan Sarkin Dogarai ya ce zai saki ɓarawon gwaji a kasuwa. Wanda ya kama shi zai sa jar riga, sauran kowa ya koma wa fartanyarsa.

"Kada ka wahalar da kanka, Baba," in ji Da'u yana haki. "Na san Sarkin Dogarai ne ya turo ka gwada mu."

Dattijon ya washe baki. "Kai, samari, akwai ido! Mutum tara na wuce, ba wanda ya gane ni. Ruga ka kai albishir, ni zan mayar da ragon."

Daɗi ya kashe Da'u. Har ya nuna masa hanyar Ajingi, don kada wani ya sake kama shi a yi rigimar riga.

Ya isa zauren Sarkin Dogarai yana taƙama. "Ranka ya daɗe, na kama ɓarawonka, na sallame shi."

Sarkin Dogarai ya dubi Dalhatu, ɓarawon gwajin, zaune yana shan fura, ko takalmi bai sa ba.

Sai muryar uwargida daga cikin gida: "Maigida, wa ka aiko ya kwance ragon layyarka?"