Ƙwayoyi a Gwangwani Ɗaya

Tunda kin ce za ki fara aiki da masu binciken magani, 'yata, bari in ba ki misalin wani mai lambu a bakin kogi. Shekarunsa sun haura sittin da aka gano masa ciwon daji a 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Likita ta ce ciwon ƙarami ne, barci yake yi, ba a kai ga yanka ba. Ta ce suna gwada wani tsohon magani mai araha, irin wanda ake samu a kowane kemis, su ga ko zai hana shi farkawa. Wasu za a ba su na gaske, wasu ƙwayar da babu komai a cikinta sai gari, kuma har ita kanta ba ta san wa ya sami wanne ba. Kowa ya sha nasa shekara biyu, a riƙa auna jini. Mai lambu ya yarda, don yana da 'ya'ya maza huɗu, an kuma gaya masa abin yakan bi jini. So yake ranar da suka tambaye shi ya ce musu ga abin da za su sha. Amininsa, wani maɗinkin hula mai irin wannan ciwo, shi ma ya shiga.

Da la'asar mai lambu yakan saki ruwa a kwamin albasa, ya jingina da gindin dabinon da ya dasa da hannunsa, ya bar idonsa ya bi ruwan. Nan tunani ke ɗaukarsa. Sai ya ga ciwon kamar iri a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, ƙwayar tana sauka kowace safiya tana lallaɓa shi ya ƙara barci. Ya ga dabinon ya yi nonna, ya ga 'ya'yansa da furfura suna zaune a inuwarsa lafiya lau. Ana cikin wannan daɗin sai fuskar amininsa ta gifta, ya ga kamar ta ɗan rame. To, idan aminin nasa aka ba ƙwayar garin fa? Mutumin da suka shekara arba'in suna sa hannu a akushi ɗaya! Abin ya hana shi sakat. Ran nan ya tafi wurin amininsa da gwangwanin goro, ya juye ƙwayoyinsu su biyu a ciki, ya girgiza, ya raba biyu. Haka suka riƙa yi duk wata, kowa ransa fari ƙal, don a ganinsu zumunci suka yi.

Ranar da shekara biyu ta cika, jinin maɗinki ya nuna ciwon ya motsa, na mai lambu kuma yana nan jiya i yau. Mai lambu, bawan Allah, da bakinsa ya ba likita labarin gwangwani, har da ɗan alfahari. Ta dube shi ta ce, “Baba, in ka sami sabon irin albasa, kana cuɗa shi da tsoho ka watsa a kwami ɗaya?”

Ba ya yi. Shi ne fa mutumin da ko taki ba ya sakewa sai ya ware kwami biyu ya gwada, har maƙwabta na yi masa dariya. Ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Yanzu babu mai iya cewa wa ya sha magani a cikinsu, wa ya sha gari, dole aka cire sunayensu daga binciken. Ko ya rage wa amininsa rabo ne, ko ya ƙara masa, har gobe bai sani ba.

Ya koma lambu ya jingina da dabinonsa, ruwa na gudu kamar kullum, amma tunanin nan mai daɗi ya ƙi zuwa. Babban ɗansa ya zo ya durƙusa ya tambaye shi ko maganin ya yi. Ya ce masa, “Ban sani ba.” Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.