Wi-Fi Fisabilillahi

Manhajar karatun ta sake cewa kalmar sirri ba daidai ba ce. Zufa ta karyo wa Zinnira. Da la'asar za a rufe jarrabawar ƙarshe, ga shi an kulle ta a waje.

Jiya a tashar Gwarzo data ta ƙare mata, sai ta ga Wi-Fi na kyauta mai suna "Fisabilillahi". Wa zai zargi sadaka? Ta hau, ta shiga manhajar. Yau an canja mata kalmar sirri, har da lambar waya.

Ta ruga shagon cajin waya na yayanta Najmuddeen da ke bakin tashar.

"Yaya, an ƙwace min shafina. Karatun shekara ya tafi a banza."

"Wane Wi-Fi kika hau?"

Tana faɗa, fuskarsa ta sauya. Ya karɓi wayar, ya danna wasu haruffa. Manhajar ta buɗe.

Ta fara hamdala, sai ta tsaya cak.

"Yaya, ai ɓarawon ne kaɗai ya san sabuwar kalmar."

Bai ɗago ba. A ƙarƙashin teburinsa, wata 'yar na'urar Wi-Fi tana ta ƙyafta koriyar wuta.