Ai Na Biya

Shekara ashirin da biyu Elbert Gaines ya yi yana duba lafiyar gadoji a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke birnin Tulsa, a Amurka. Aikin na yawo ne, don haka aka ba shi katin banki na tafiyar aiki, ya riƙa biyan otal da abinci da man mota in an tura shi aiki. Ya sa hannu a takardar dokokin katin, amma dai, gaskiya, bai karanta ba.

Da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsa Lottie, aka kai ta gidan kula da tsofaffi a garin Muskogee. Kowace Asabar yana can. Wata rana katinsa na kansa ya ƙi aiki a gidan mai, sai ya zaro na gwamnati. Daga nan hannu ya saba: mai, magani, soyayyar kazar da take so. Duk ƙarshen wata yakan biya banki daga aljihunsa, ko dala ɗaya ba ya bari.

Bayan wata bakwai shugabarsa Yolanda Pruitt ta kira shi.

"Madam, wannan fuska haka? Gada ce ta faɗi?"

Ba ta yi dariya ba. "Zauna, Elbert. Wace gada muke da ita a kantin magani na Muskogee?"

"Au, wannan? Ai na biya!"

"Na sani. Ba bashi ake bin ka ba. Sau talatin da ɗaya ka zare katin nan ba a bakin aiki ba. Kai da ke hango tsaga a ƙarƙashin kankare, ka kasa ganin layi ɗaya a takarda? Me ya hana ka zo ka faɗa min?"

Ya sunkuyar da kai.

Masu binciken kuɗi na ofis sun riga sun kai magana sama. Aka soke katin, kwamiti ya zauna, aka sallame shi.

Asabar ɗin ya je wurin Lottie, yana so ya gaya mata. Ta dube shi kamar baƙo, ta kama hannunsa.

"Bawan Allah, ka san ɗana Elbert? Babban ma'aikacin gwamnati ne. Ba a taɓa kama shi da laifin komai ba."

"Na san shi, Mama," ya ce. Sai hawaye.

Jama'a, katin aiki amana ce, ko da sunanka ne a jiki. Mayar da kuɗi ba ya goge laifin taɓa shi. Ku karanta abin da kuka sa wa hannu.