Damisar Baba Gershon

Akuyar ta ƙi yin gurnani. Sau goma sha ɗaya Irene ta ce a sake ɗauka, sau goma sha ɗaya akuyar, wadda aka yi wa ɗigo-ɗigon baƙin fenti don ta zama damisa, ta juya ta ci gaba da cin rigar jarumi. Daga ƙarshe Irene ta ce a bar shi haka, za a ɗora murya daga baya.

Haka aka sake yin fim ɗin "Direban Jirgi da Damisa" a Kafanchan.

Duk wanda ya tashi a unguwarsu ya san na asali, ko da bai gani da idonsa ba. Fim ɗin Indiya ne da Baba Gershon, yayan mahaifin Irene, ya kalla a Kaduna a 1986. Shekara kusan arba'in ke nan yana ba da labarinsa, a gidan biki, a zaman makoki, har a ajin lissafi lokacin da yake koyarwa. Direban jirgin ƙasa, da budurwa 'yar mai gari, da damisar da ta bi jirgi har tasha bakwai. Wata rana kuma tasha tara ce. Wa zai tsaya yi wa dattijo gyara?

Irene ta gama karatun fim a Jos, ta dawo da kyamara da zumuɗi. Ta nemi na asali a intanet har idonta ya yi ja. Ta je wurin Alhaji Ƙasimu, wanda ya tsufa yana sayar da kaset a kasuwa, ya ce shi dai sunan bai taɓa shiga kunnensa ba. Sai ta zaunar da Baba, ta rubuta labarin daga bakinsa. Niyyarta ta nuna masa fim ɗin ranar da zai cika shekara saba'in, sannan ta tura shi gasar finafinai, duniya ta san da ita.

Jirgin ƙasa bai samu ba, aka yi da keke napep, aka ɗaura masa kwali da bututun hayaƙi. Leonard mai gyaran waya ne jarumi, gashin bakinsa na gam yana faɗuwa duk sanda ya ce "ina son ki". Stella ta ƙungiyar mawaƙan coci ce budurwar, ta ce za ta yi waƙa amma ban da karkaɗa kafaɗa, kada Fasto ya gani.

Ranar Asabar da rana aka toshe tagogin zauren coci da barguna, aka tayar da janareto. Har daga Zonkwa aka zo. Baba Gershon yana kujerar gaba da sabon kwat, matarsa Mama Serah a gefensa, ta riga ta rufe baki da hankici tun kafin a fara.

Keke napep na fitowa zauren ya kaure da dariya. Da akuya ta buɗe baki aka ji gurnanin zaki, wani dattijon coci ya sulale daga kan benci. Irene kanta tana bayan firojekta tana dariya har da riƙe ciki. Ba irin nasarar da ta yi mafarki ba ce, amma ai mutane suna jin daɗi.

Sai Baba ya miƙe.

"Tsaya! Ku tsayar da abin nan! Ina dutsen da direba ya ɗaga da hannu ɗaya? Ina giwaye arba'in?"

"Baba, ba ka taɓa faɗa min giwaye ba," in ji Irene.

"Ai kowa ya sani!"

Ashe kuwa kowa ya sani. Wata mata da ko haihuwarta ba a yi ba a 1986 ta ce ita wurin giwayen nan ne ya sa ta kuka a na asali. Wani ya ce damisar can har magana take yi. Alhaji Ƙasimu ma ya gyara hula, ya ce gaskiya da ya nutsu ya tuna, na asali ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Baba ya ɗaga sanda ya yanke hukunci: a duk finafinan da aka taɓa sakewa a duniya, babu mafi muni kuma marar amfani kamar wannan. An ɗauki zinariya an mayar da ita gwangwani. Aka yi ta tafi, har da guɗa.

Irene ta daina dariya. Ta zare kwamfutarta ta fita bayan zauren, inda tukwanen shinkafa ke huci. Wata takwas na rayuwarta ta zuba a aikin nan. Ta buɗe fim ɗin, ta kai yatsa wurin gogewa. Gara ta koma Jos ta nemi aikin ɗaukar hoton biki da ta tura wannan abin kunya gasa.

"Kar ki taɓa, 'yata."

Mama Serah ce ta biyo ta, ɗankwali a karkace, hawayen dariya har haɓa. Ta zauna a kan turmi tana neman numfashi.

"Mama, ke ma dariya kike min? Na lalata masa fim ɗin da ya fi so a duniya. Da ma na samu na asalin na kalla ko sau ɗaya."

Mama Serah ta leƙa hagu da dama, ta jawo ta kusa.

"Wane na asali? Babanki bai taɓa taka ƙofar sinima ba, a gindin mangwaron gidanmu ya ƙirƙiro shi don in yarda in aure shi. Naki ɗin nan shi ne na farko."