A Kawo Wanda Ya Rubuta Tauraruwar

Tuwon ya sake hucewa a kwano. Habibatu ta ɗaga murfin, ta ga ko loma ba a yanka ba, ta mayar ta rufe. Mahaifinta, wanda duk unguwar Ƙofar Ran ke kira Baffa, yana zaune a bakin ɗakinsa da rana tsaka, ya kafa wa sama ido, yana murza kantar da ke yatsansa na tsakiya.

"Me zan yi da tuwo?" ya ce. "Tana nan tafe."

Rediyo ne ya jawo wannan masifa. Sun tono wani tsohon labari na Malam Mijinyawa, suna karanta shi gutsure-gutsure bayan la'asar. Mijinyawa kuwa, a zamaninsa, shi ne mutumin da yake kafa madubin hangen nesa a fili yana nuna wa yara da manya ramukan wata kyauta, har wasu na ce masa taɓaɓɓe. Labarin na wata tauraruwa ce mai wutsiya da ta nufo duniya, mutanen Bauchi suka shiga ƙera jirgi a gindin dutse don su tsere. Yara na jin daɗinsa, masu keke na kwasar dariya. Baffa shi kaɗai ya ɗauke shi sanarwa.

Tsufa ya riga ya yi masa sata. Yakan kira Habibatu da sunan marigayiya uwarta, yakan nemi hanyar masallacin da ya yi rabin rayuwarsa yana salla a ciki. Tun bara ta sa aka cire tsanin hawa soro, don an sha kama shi a kansa. Amma wannan labari, abin mamaki, ya zauna masa daram. Kafin mai karatu ya ƙarasa jimla, Baffa ya riga shi.

"Kin ji ko? Na sani kafin ya faɗa. Ƙarya ba ta zama a kai haka."

Habibatu ta cire batir ɗin rediyonsu ta ɓoye a tukunya. Ina amfani? Na maƙwabta na tsallako katanga. Ta je gidan rediyon ta roƙi a dakatar, wani matashi mai ɗaurin wuya ya ce ai jama'a na so, ta yi haƙuri, saura kashi da yawa. Ta fito tana haɗiye kuka da takaici.

Baffa ya daina shan maganin hawan jini. Ya rabar da rigunansa ga masu wucewa. Wata Laraba aka tsinto shi a Kasuwar Muda Lawal, ba takalmi, yana roƙon masu hatsi su koma gida su yi sallama da iyalansu. Likita ya duba shi ya ja Habibatu gefe, ya ce jikin nan ba zai jure yunwa ba, in bai ci ba sai dai a shirya.

Sharaɗi ɗaya Baffa ya kafa. A kawo masa wanda ya rubuta abin, ya dube shi ido da ido ya ce ƙirƙira ce. Sannan zai ci.

Habibatu ta rasa inda za ta sa kanta. Da ta ga uwar bari, ta hau keke zuwa unguwar Ɗan Iya wurin Baba Elisha, tsohon abokin aikin Baffa a maɗaba'a, wanda Baffa ya daɗe da mance fuskarsa. Da ta faɗa masa abin da take so, dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"'Yata, ni zan zauna a gabansa in ce ni ne Mijinyawa? Kai, wannan abu da ciwo yake."

Amma ya zo. Ya sa babbar riga, ya zauna a kan tabarma, ya ce shi ne marubucin, kuma duk zancen nan daga kansa ya ƙago shi don nishaɗi.

Baffa ya ƙare masa kallo. "To, in kai ne, wutsiyarta ina take fuskanta?"

Baba Elisha ya yi ta kame-kame, ya ce baya, kamar ta doki.

"Maƙaryaci! Kullum rana take ba wa baya, ko tana zuwa ko tana komawa. Wanda ya rubuta ya san wannan." Sai kuma Baffa ya ƙara firgita, don shi kansa bai san inda ya samo amsar ba. Baba Elisha ya tashi ya fita ko sallama bai iya yi ba, yana share ido da hannun riga.

La'asar ta yi. Muryar mai karatu ta tsallako katanga, a labarin tauraruwa ta cika rabin sama, mata na kururuwa. Baffa ya dunƙule a jikin bango kamar yaron da ya ji tsawa. Habibatu ta durƙusa a gabansa da kwanon kunu, ta kama hannunsa na dama.

"Baffa, wallahi ba za ta faɗo ba. A ƙarshe wucewa take yi, kowa ya koma gidansa lafiya."

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya rubuta. Ina ƙarama ya ɗora ni a cinya ya karanta min, tun kafin kowa ya ji."

"To ki kawo min shi, don Allah, 'yar nan. Tsoro nake ji."

Hawaye suka ƙwace mata. Ta shafa kantar nan da alƙalami ya bari a yatsansa. Ina za ta je ta samo masa Malam Mijinyawa, alhali ga hannun da ya rubuta labarin a cikin nata?