Gilashi Uku a Shagon Hamajoɗa

Keturah ta sauka daga keke-napep a ƙofar wani shagon firam ɗin hotuna a Jimeta da ambulan maƙale a hammatarta. Tun da hantsi ta taso daga unguwar Bako, ko rumfar awararta ba ta buɗe ba. Lahadi mai zuwa za a yi addu'ar cikar mijinta Nicodemus shekara goma da rasuwa, kuma ta ci alwashin ba za a ajiye hotonsa a gaban coci cikin firam ɗin gwanjo ba.

Hoton nan kaɗai ya rage mata. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Michika, Nicodemus ne ya cusa ta a bayan akori-kura, ita da ɗansu Endurance mai shekara uku, ya ce su yi gaba, zai biyo su da yamma. Bai biyo ba. Bayan wata biyu wani ɗan uwansa ya bugo waya, ya ce an ga gawarsa a bakin rafi. Aka yi addu'a ba gawa ba kabari. Danginsa ko mutum ɗaya bai zo ba, daga baya ma suka daina ɗaga wayarta.

Ta yi wankau, ta yi shara a gidajen mutane, ta koma suyar awara har hayaƙi ya cinye mata ido. Furfura ta cika mata kai tun ba ta kai arba'in ba. Maza biyu suka nemi aurenta, ta ce ita matar Nicodemus ce, a raye ko a mace.

Mai shagon, Hamajoɗa, dattijo ne siriri, yatsunsa duk tabon yanka. Ya share mata benci.

"Adda, ajiye hoton tukuna, ki fara zaɓen gilashi. Mutane suna ganin duk ɗaya ne, sai an rataya a bango su dawo suna zagina."

Ya jawo wani babban hoto daga ƙarƙashin tebur, rabinsa a naɗe da jarida don kada yatsu su ɓata shi. Na wani kwastoma ne, in ji shi, daga Jalingo ma ake zuwa masa, saboda kayansa babu irinsu a can. A ɓangaren da ke buɗe akwai wata mata cikin leshi da sarƙar zinariya, da yara uku a gabanta.

Ya ɗora guntun gilashi na farko a kan fuskar matar. "Wannan shi ne na kowa da kowa. Me kika gani?"

Keturah ta sunkuya. Fuskarta ta gani, ramammiya, da hasken ƙofa a bayanta. Matar leshin tana can ƙarƙashi tana murmushi.

"Kaina nake gani."

"To, aibinsa ke nan. Ƙyalli. Shekara biyu kuma rana ta cinye launin."

Na biyu mai dishi-dishi ne. Ya kwantar da shi a kan babbar yarinyar, wadda za ta kai shekara takwas ko tara. Ƙyallin ya tafi, amma fuskar ta dushe kamar ana kallonta ta cikin hayaƙi. Keturah ta girgiza kai. Shekara goma tana faman kada kamannin mijinta su dushe mata, ba za ta saya masa dishi-dishi da kuɗinta ba.

Na uku sai da ya goge shi da gefen rigarsa. Da ya aza shi a kan ƙaramin yaron, ta rasa inda gilashin ya fara da inda ya ƙare. Yaro ne ƙosasshe, da takalmi mai fitila, da kunnuwa a buɗe irin na Endurance yana ƙarami. Endurance a waɗannan shekarun silifas wari da wari yake sawa, yana bin layin abinci a sansanin gudun hijira. Wasu 'ya'yan dai da ubanninsu aka haife su, har yau suna da su.

"Wannan ba ya ƙyalli, ba ya barin rana ta taɓa hoto," in ji Hamajoɗa. "Sai dai da tsada, Adda. Mai wannan hoton shi ya zaɓa, ya ce iyalinsa sun fi ƙarfin na banza."

"Shi nake so," ta ce. "Wanda zan sa a ciki bai samu likkafani ba. Bari ya samu wannan."

Hamajoɗa bai ji ƙarshen maganar ba, ya juya yana neman awo. Ta buɗe ambulan a hankali, ta miƙa masa ɗan hoton da hannu biyu, ta ce a ƙara masa girma. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, sai ya yi dariya.

"Af, ashe 'yar gida ce. Ai wannan Oga Nicodemus ne yana saurayi." Ya yaye jaridar daga sauran rabin babban hoton. "Ga shi nan da iyalinsa, jibi ma zai zo ya karɓa. Ke yayarsa ce, ko?"